Wutar Lantarki Daga Iska a Ghana: Tambayoyin Mutanen Zango da Amsoshinsu

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin wuta, ko aka shiga mako ana ɗaukewa ana kawowa, hirar majalisun Nima, Maamobi da Sabon Zango takan koma kan magana ɗaya: ina mafita? Wani ya ce hasken rana, wani ya ce nukiliya, wani kuma ya ga hoton dogayen injinan iska na Turai ko na Senegal a waya, ya ce to mu me muke jira? Na tattara tambayoyin da aka fi maimaitawa kan wutar iska, na amsa su. Matsayina a fili yake: Ghana na da iskar da za ta yi mana aiki, kuma abin da ya tsayar da aikin ya fi alaƙa da kuɗi da cika alkawari fiye da yanayin sama.

Ba mu da madatsar ruwa ta Akosombo ne? Me ya kawo maganar iska?

Muna da ita, kuma har gobe ita ce ƙashin bayan wutar ƙasar nan. Amma a tuna lokacin da aka gina ta. An kammala madatsar a 1965 zamanin Kwame Nkrumah, a lokacin da ƙidayar 1960 ta nuna 'yan Ghana ba su kai miliyan 7 ba, kuma babban mai shan wutar shi ne kamfanin narkar da alminiyom na VALCO a Tema. Ƙidayar 2021 ta ba mu miliyan 30.8. Akosombo ta kai megawat 912 a 1972, daga baya aka gyara injinanta ta kai 1,020. An ƙara Kpong mai megawat 160 a 1982, sannan Bui mai kusan 400 a 2013. Duk ka haɗa su ba su kai megawat 1,600 ba, alhali buƙatar ƙasa a lokacin da aka fi jan wuta ta haura megawat 3,500 tun 2023, kuma kowace shekara ƙaruwa take.

Sama da kashi 85 cikin 100 na jama'a yanzu wuta ta kai gare su, abin da ƙasashe kaɗan ne a yammacin Afirka suka cimma. Kowane sabon gida a Kasoa ko Ashaiman na zuwa da firji, fanka, dutsen guga, wani ma da na'urar sanyaya ɗaki. Giɓin da madatsun ruwa suka bari, tashoshin da ke ƙona gas da mai a Tema da Aboadze ne suke cike shi, har sun zama su ne ke ba da kaso mafi tsoka na wutarmu. Gas kuwa da dala ake sayensa.

Yaya iska ke zama wuta?

Janareta ce, irin wadda kowa ya sani, sai dai ba fetur ke juya ta ba. Ana kafa doguwar hasumiyar ƙarfe, sau da yawa mita 100 ko fiye, a ɗora mata fikafikai uku. Iska ta bugi fikafikan su juya, su juya sandar da ke shiga janaretar da ke can ƙoli, wuta ta sauko ta waya zuwa taransifoma, daga nan ta shiga manyan layukan GRIDCo, kamfanin da ke kula da layukan wutar ƙasa, ta gauraya da ta Akosombo da ta Aboadze. Mai shago a Madina ba zai iya bambance wadda ta fito daga iska da wadda ta fito daga ruwa ba.

Injin yakan fara aiki idan gudun iska ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, ya kai cikakken ƙarfinsa a wajen mita 12, kuma ya tsayar da kansa a wajen mita 25 don kada guguwa ta lalata shi. Akwai iyakar da masanin Jamus Albert Betz ya lissafa tun kusan shekara ɗari da suka wuce: babu injin da zai iya kwashe fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa shi.

To, muna da isasshiyar iska kuwa? A Accra sai a wuni ganye bai motsa ba.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, don haka a yi haƙuri in tsaya a kanta.

Iskar da mutum ke ji a lungun Nima, tsakanin katangu da rumfunan kwano, ba ita ce ake aunawa ba. Ana auna ta can sama, a fili, inda babu abin da ya tare ta. Hukumar Makamashi ta fara kafa sandunan awo a bakin teku tun ƙarshen shekarun 1990, kuma abin da aka gano shi ne yankin da ya fi dacewa shi ne gaɓar gabas, daga Tema zuwa Aflao: Prampram, Ningo, Ada, Anloga, Keta. A can matsakaicin gudun iska yana kaiwa wajen mita 6 a daƙiƙa, yana ƙaruwa idan aka ƙara tsayi. Akwai kuma tsaunukan da ke kan iyakarmu da Togo, wajen Nkwanta, waɗanda taswirar iska ta nuna suna da ƙarfi, sai dai kai manyan kaya can aiki ne babba.

Mita 6 ba iskar a zo a gani ba ce. Matsakaiciya ce. Kuma a nan akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya riƙe: ƙarfin da ke cikin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, ninkuwa yake sau uku a kan kansa. Iskar mita 6 lissafinta 6 sau 6 sau 6, wato 216. Ta mita 7 kuwa 343 ce. Mita ɗaya tak aka ƙara, amma ƙarfin ya ƙaru da fiye da rabi. Idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka takwas. Shi ya sa masu zuba jari ke ɓata shekara guda ko biyu suna awo kafin su haƙa rami ɗaya, kuma shi ya sa wuri biyu da ke kusa da juna ɗaya zai yi riba ɗaya ya yi asara.

Abin da ya sauya labari a 'yan shekarun nan shi ne injinan da kansu. Na da gajeru ne, an ƙera su don iskar arewacin Turai mai ƙarfi. Na yanzu hasumiyarsu ta fi tsayi, fikafikansu kan kai mita 70 ko 80, an yi su musamman don wurare masu matsakaiciyar iska irin namu. Gaɓar Ada da ba ta burge kowa ba shekara 20 da suka wuce, yau tana iya biyan kuɗin aikinta.

Idan iska ta tsaya fa? Ba wani sabon dumsor, wato yawan ɗauke wuta, za a jawo mana ba?

Tsoron yana da dalili. Wanda ya ga 2014 da 2015, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, teloli suka koma ɗinkin dare, masu sayar da kifi da kaji suka zubar da kaya, ba zai so jin an ce wuta ta dogara da abin da ba a iya umarta ba.

Gaskiya ne injin iska ba ya aiki da cikakken ƙarfi kullum. A wuri irin namu, tashar da aka rubuta mata megawat 100, idan aka raba abin da ta samar a shekara, zai iya zama kamar 30 ne a kowane lokaci. Babu mai hankalin da ke cewa a rufe Aboadze a dogara da iska kaɗai. Amma Ghana na da abin da ƙasashe da yawa ba su da shi, wato tafkin Volta da madatsar Akosombo ta tare. Tafkin nan rumbu ne: ranar da iska ke kaɗawa sai a rage buɗe ruwa a Akosombo a bar shi a ajiye, ranar da ta lafa sai a buɗe. Injinan ruwa suna iya ƙara ƙarfi ko ragewa cikin mintuna, ba sa buƙatar dogon shiri.

A duba tarihin matsalolinmu: 1983 zuwa 1984, 1998, 2006 zuwa 2007, duk fari ne ya janye ruwan tafkin. A 2007 ruwan ya sauka ƙasa da ƙafa 240 da aka ƙayyade don injinan su yi aiki lafiya. Na 2012 kuwa ya faro ne da lalacewar bututun gas na Afirka ta Yamma a tekun Togo, wanda ya yanke mana gas daga Najeriya kusan shekara guda. Kowane karo, abu ɗaya muka jingina da shi ya zame. Iska ba ta bi ta bututu, ba ta jiran ruwan sama a arewa. Wani abin kuma, iskar bakin tekunmu ta fi ƙarfi ne daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da hadari ke rufe rana a kudu kuma tafkin bai gama cikowa ba.

Akwai tashar iska a Ghana yanzu?

Babba wadda ke haɗe da layin ƙasa, babu. Akwai ƙananan injina nan da can, kamar wanda aka haɗa da sola a ƙaramar tashar tsibirin Pediatorkope kusa da Ada.

Tsare-tsare kuwa sun daɗe a takarda. Mafi shahara shi ne na Ayitepa a gundumar Ningo-Prampram, mai megawat 225, wanda kamfanin NEK na Suwizalan ya ɗauki shekaru yana shiryawa. Hukumar VRA mai kula da Akosombo ma tana da nata na kusan megawat 150, rabi a yankin Anloga, Srogbe da Anyanui, rabi a Wokumagbe da Goi ta wajen Ada. An yi awo, an yi nazarin muhalli, an zauna da sarakuna. Hasumiya dai ba ta tashi ba.

Me ya hana?

Dokar makamashi mai sabuntuwa, Doka ta 832, ta fito tun 2011, aka yi mata gyara a 2020. An sa burin samun kashi 10 cikin 100 na wuta daga irin waɗannan hanyoyi kafin 2020, ba a cimma ba, aka ɗaga zuwa 2030. Babban tsarin da aka fitar a 2019 ya ware wa iska megawat 325. Doka da tsari ba su ne suka yi ƙaranci ba.

Abin da ya faru shi ne, a tsakiyar dumsor gwamnati ta rattaba hannu kan yarjejeniyoyi da yawa cikin gaggawa, har da jirgin ruwan Karpowership mai samar da wuta da tashar Ameri, yawancinsu da sharaɗin ko an sha wutar ko ba a sha ba sai an biya. Kafin a ankara, ƙasa ta wayi gari da tashoshi fiye da buƙatarta ta lokacin, kuma a 2019 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya shaida wa majalisa cewa ana biyan sama da sidi biliyan 2.5 a shekara kan ƙarfin wutar da ba a amfani da shi. Aka dakatar da ba da sababbin lasisin manyan tashoshin rana da iska daga 2017 har 2023. Iska ta biya bashin da ba ita ta ci ba.

Sai kuma maganar wa zai saya, kuma zai biya? Tashar iska kusan duk kuɗinta a farko ake kashewa. Mai jari zai ciwo bashin ɗaruruwan miliyoyin daloli, ya biya a hankali cikin shekara 15 ko 20 daga kuɗin wutar da ya sayar. Mai saye shi ne ECG, kamfanin rarraba wuta na gwamnati, wanda wani babban kaso na wutar da yake rarrabawa ke salwanta ta tsofaffin wayoyi, satar wuta da rashin biya, kuma masu tashoshi masu zaman kansu sun sha bin gwamnati bashin da ya haura dala biliyan ɗaya. Da ƙasar ta dakatar da biyan basussukanta na waje a Disamban 2022, ta karɓi rancen Asusun Lamuni na Duniya a 2023, kuɗin ruwan da ake ɗora wa duk wani aiki a Ghana ya yi sama. Injin da aka kafa a Denmak da wanda aka kafa a Ningo iri ɗaya ne, amma bashin da aka sayo na Ningo da shi ya fi tsada nesa ba kusa ba. A ganina nan ne gizo ke saƙar.

Akwai ƙasar Afirka da ta yi ta gani?

Akwai, kuma kusa da mu. Senegal ta buɗe tashar Taiba N'Diaye a 2020, injina 46, megawat 158.7. Maroko na da Tarfaya mai kusan megawat 300 tun 2014. Masar ta jera injina a Zafarana da Gabal el-Zeit a bakin Bahar Maliya. Habasha na da Ashegoda da Adama.

Biyu ne na fi so mu yi nazari. Kenya ta gina tashar tafkin Turkana, injina 365, megawat 310, a ɗaya daga cikin wuraren da suka fi iska a duniya. An gama kafa injinan a 2017, amma layin da zai kwaso wutar, mai tsawon sama da kilomita 400, bai kammala ba sai a 2018, ƙasar ta biya kuɗin wutar da ba ta sha ba. Na biyu kuwa 'yan'uwanmu na Katsina sun fi mu saninsa: tashar Lambar Rimi mai megawat 10, da aka faro tunaninta tun Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna, ta shafe fiye da shekara goma ba ta kammala ba. Mu a nan mun yi sa'a ta ɓangaren layi, domin Ningo da Ada ba su da nisa da Tema, inda manyan layuka suke da kuma tashar jiragen ruwan da za a sauke kayan.

Kuɗin wuta zai sauka idan an gina?

Kada kowa ya yi wa Hajiya mai sayar da ƙanƙara alkawarin cewa katin mitarta zai ragu da rabi. Hukumar PURC ce ke yanka farashi, tana duba canjin dala, hauhawar farashi, kuɗin gas da rabon wutar ruwa da ta gas. Megawat 200 ko 300 na iska ƙaramin kaso ne a cikin wannan lissafi. Amfaninsa shi ne ba a sayen mai. Duk awar da injin ya juya, an rage gas ko ɗanyen man da za a ƙona, kuma farashinsa sananne ne tun ranar da aka sa hannu. Yana rage tsalle-tsallen farashi ne, musamman idan an ba da aikin ta hanyar gasa a fili, kamar yadda gyaran dokar 2020 ya tanada.

Ba gara a zuba kuɗin a sola ba?

Sola ta riga ta yi gaba, kuma ta cancanta. Akwai Navrongo tun 2013, akwai Lawra da Kaleo, akwai ta Bui har da wadda ke shawagi a kan ruwa. Tana da saurin kafawa, arewa kuma rana ba ta yi mata rowa ba. Matsalarta ɗaya: an fi jan wuta a Ghana daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, lokacin da rana ta riga ta faɗi. Iskar teku takan ci gaba da kaɗawa har bayan faɗuwar rana. Abokan aiki ne, kowane na rufa wa ɗaya baya.

Zan iya kafa ƙaramin injin iska a rufin gidana a Nima ko Aboabo?

Ban ba da shawara ba. Gine-gine na karya iska su hargitsa ta, injin zai yi ta jijjiga rufi ba tare da cika batir ba. A cikin gari, farantin sola ya fi shi nesa. Kumasi ma, da ke tsakiyar daji, iskarta ba ta da ƙarfi.

Manoma da masunta za su rasa filayensu?

Tashar iska na bazuwa a fili mai faɗi, amma abin da take ci na zahiri shi ne gindin hasumiya da hanyoyin mota. Tsakanin injinan ana noma, ana kiwo. Wannan na da muhimmanci a Anloga, inda ƙasar noman albasa ƴar ƙarama ce tsakanin teku da tafki, da kuma filayen Ningo inda shanu ke kiwo kafin su iso kasuwar Tulaku.

Inda nake da damuwa shi ne wa za a biya. Mafi yawan filaye a Ghana na sarauta ne ko na dangi. Idan aka yi hayar fili da shugaban dangi kaɗai, manomin da ke aro, da makiyayin da ya shekara talatin yana bi ta wurin, ba su da takarda, ba su da murya. Da yawa daga cikin waɗannan namu ne. Ya kamata sarakunan zango da shugabannin makiyaya su halarci zaman jin ra'ayin jama'a da hukumar kare muhalli ke shiryawa kafin ta ba da izini, su sa a rubuta hanyoyin shanu da mashaya a cikin yarjejeniya tun kafin a zuba kankare.

An ce suna kashe tsuntsaye, suna da ƙara, har suna korar ruwan sama.

Maganar ruwan sama ba ta da tushe. Ƙara akwai, kamar shuuu mai maimaituwa, shi ya sa ake nisanta su da gidaje da ɗaruruwan mitoci. Maganar tsuntsaye kuwa gaskiya ce, kuma a wurinmu ba ƙarama ba ce. Tafkunan Songor da Keta suna cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta duniya kan fadamu ta kare, dubban tsuntsaye daga Turai na sauka can duk shekara, kuma nan ne dai iskar take. Maganinsa a kauce wa hanyar da suke bi, a kuma yarda a tsayar da wasu injinan a makonnin da suke wucewa. Wata matsalar da ba a cika ambata ba ita ce gishirin teku, wanda ke cin ƙarfe. Duk wanda ya zauna a Chorkor ko Teshie ya san yadda ƙofar ƙarfe ke ƙarewa. Dole a sayi injinan da aka yi wa rufin kariya, a kuma ware kuɗin kula da su na tsawon shekara 20 zuwa 25 da ake sa ran za su yi.

'Ya'yanmu za su samu aiki a ciki?

Lokacin gini, ƙwarai: masu walda, masu ɗaurin rodi, birkiloli, direbobin manyan motoci, masu gadi, masu abinci. Fiffike mai mita 70 ba ya shan kwana a kowace hanya, don haka daga Tema zuwa wurin aikin sai an gyara tituna da mahaɗu, wannan ma aiki ne. Bayan an gama, ma'aikatan dindindin kaɗan ne, amma ƙwararru ne masu albashi mai kyau: masu gyaran lantarki, masu aikin injin, masu hawa hasumiya.

Hannu muna da shi. Wanda ya shiga Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, ya ga yaran da ke kwance injin tirela su mayar, ya san ba basira ce ta yi mana ƙaranci ba. Takardar shaida ce ke hana su shiga irin wannan aiki, domin kamfani ba zai bar wanda ba shi da satifiket ya taɓa layi mai ƙarfin dubban bolt ba. Iyayen da ke da yaro mai son aikin wuta su tura shi makarantar koyon sana'a ko jami'ar fasaha ta Accra ko ta Kumasi, ya kuma zana jarabawar Hukumar Makamashi ta masu haɗa wayar lantarki. Ko tashar iska ta makara, wannan takarda tana ci a aikin sola da na gine-gine.

Me za mu sa wa ido don mu san da gaske ake?

Kada a ruɗu da bikin aza harsashi ko sanarwar minista. Alamomi uku ne ke nuna aiki ya tashi: an sa hannu kan yarjejeniyar sayen wuta da farashi bayyananne, bankuna sun saki kuɗi, GRIDCo kuma ta fara aikin tashar da za ta karɓi wutar. Idan waɗannan suka cika, ginin kansa ba ya wuce shekara biyu. Akwai kuma hanyar da ba sai an jira ECG ba, wato manyan masu shan wuta kamar kamfanonin haƙar zinare da masana'antun Tema su sayi wutar kai tsaye daga mai tashar, su biya GRIDCo kuɗin bi ta layinta. Su suna samun dala, bankuna sun fi yarda da su, kuma ina kyautata zaton tashar farko ta wannan ƙofa za ta shigo. Duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a a mazaɓun Ayawaso ko Asawase, a tambaye shi a ina aka kwana kan megawat 325 da aka yi alkawari kafin 2030, da kuma bashin da ake bin ɓangaren wuta.